Dagin da Na Yanka a Safar Mutari

Ku ajiye salular nan tukuna, na ga bidiyon. Sau uku ake nuna mini shi a watan nan. Bature ya zauna gaban tebur fes, ya zare tsohuwar igiya daga safar hannu ta wasan bezbol, ya zura sabuwa, minti goma an gama, har da kiɗa. Shi ne ku uku kuka taso daga filin wasanku kuka ce in ara muku basilla kawai, sauran ku yi da kanku. To ga basilla can a rataye, kusa da guntun kirgin nan mai huji-huji da kuke ta kallo. Ba zan hana ku ba. Amma tunda iyayenku mutanenmu ne, kuma kun gaishe ni da Hausa ko da karyayya ce, sai kun zauna kun ji abin da fata ta taɓa yi a shagon nan. Mai sauri, ga ƙofa.

Ni Idi, baduku ne ɗan baduku, a Birnin Zinder aka yanke cibiyata. Aikin farko da mahaifina ya ba ni shi ne yankan igiya. Zai miƙo mini fata zagayayya, in sa wuƙa a bakinta in riƙa juyawa, igiya na fita tana tsawo har fatar ta ƙare a tsakiya. In kaurinta ya bambanta ko da kaɗan, ba ya magana, sai ya ja ta da hannu biyu ta tsinke a daidai wurin, ya jefo mini. Shekara uku ina wannan kafin ya bar ni in taɓa alabe. A wurinsa na koyi jiƙa jar fata da karan dafi, da baƙanta ta da kuloko, da kuma aikin da aka san gidanmu da shi: a shimfiɗa koriyar fata a ƙasa, a ɗora ja a kai, a tsattsaga jar da bakin wuƙa siriri-siriri, yadda in mutum ya buɗe alabensa koren zai leƙo. In ya rufe, ja kawai za a gani. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Da na zo Paris, a Porte de la Chapelle na fara shimfiɗa zane ina sayar da alabe da zabira. Ƴan sanda su koro mu, mu naɗe, su wuce, mu shimfiɗa. Wata rana wani tsoho ɗan Portugal mai gyaran takalma ya tsaya, ya ɗauki alabe ɗaya, bai kalli adon ba sam, ɗinkin ciki ya juya yana dubawa. Ya ce in zo Bobigny, nan gefen Paris, gobe da safe. Shagonsa ne wannan da kuke zaune. Shekara bakwai ina manna dunduniyar takalman ma'aikatan ofis a ƙarƙashinsa, kafin ya koma ƙasarsu ya bar mini mabuɗi.

Safar bezbol ta farko da na taɓa, wata mata ce ta kawo ta cikin jakar cefane. Na ɗauka wani irin takalmin doki ne. Yatsu biyar manya, igiya ta ratsa ko'ina, ta shiga nan ta ɓace ta fito can. Na yi abin da kuke shirin yi yau: na zare igiyar duka lokaci ɗaya. Wallahi safar nan ta wargaje a hannuna gida-gida, huji ya fi ɗari yana kallona, ban san wanne ke bin wanne ba. Kwana huɗu na yi ina zufa a kanta. Tun ran nan ba na zare tsohuwar igiya sai sabuwa na biye da ita, huji ɗaya na fita, huji ɗaya na shiga. Kayan aikin ba su da yawa, basilla ce, da awartaki, da wuƙa, da gudumar katako ta bugun tafin safa, da ɗan man kaɗe. Man ma kaɗan, a kan yatsa. Na taɓa cika wa wani shi yadda muke yi wa takalmi a gida, safarsa ta yi nauyi ta koma kamar jiƙaƙƙen burodi, ya zage ni da Faransanci har ya gaji.

Labari ya bazu cewa akwai wani baƙin mutum a Bobigny da ke ɗinke safa da hannu. A ƙasar nan masu wasan ba su da yawa, duk sun san juna, kuma kusan kowa da aikin da yake ci da shi, wasan na Lahadi ne. Cikin masu zuwa har da wani tsoho ɗan Venezuela da kowa ke kira Tiyo, wanda ya yi jifan ƙwallon bezbol a ƙasarsu tun yana saurayi. Shi ya zauna a kujerar da kake kai, ya koya mini wasan da Faransancinsa mai tsami.

Ya ce in manta da sauran mutanen fili, mutum biyu ne wasan. Mai jifa yana kan ɗan tudu, mai bugu yana riƙe da sanda, tsakaninsu mita goma sha takwas da ɗoriya. Mai jifa yana da jifa iri-iri. Akwai mai sauri, wadda ke zuwa kai tsaye. Akwai mai lanƙwasa, wadda ke tahowa kamar za ta bugi fuskarka sai ta faɗi ƙasa. Bambancinsu yana wurin yadda yatsu suka kama ɗinkin ƙwallo. In mai bugu bai san wacce ke zuwa ba, sai ya bugi iska. In ya sani, ko ni Idi zan iya taɓa ta.

Tiyo ba ya gajiya da tarihi. Shi ya gaya mini cewa a farkon wasan daga ƙasa ake jifa, kuma mai bugu ne ke faɗin inda yake so a jefo masa, sama ko ƙasa, sai ka ce mai sayen nama. Daga baya masu jifa suka ɗaga hannu, suka koyi wayo. Wasu suka riƙa tofa wa ƙwallo yawu don ta zame, aka hana. Suka koma goge ta da ƙarfen bel a ɓoye, aka hana. Har lokaci ya zo a Amirka da suka fi ƙarfin masu bugu, sai da aka rage tsayin tudun. Abin da ya fi shiga raina shi ne ƙwallon kanta. Da fatar doki ake rufe ta, aka koma ta saniya, ɗinki ɗari da takwas da jan zare, kuma har yau hannu ke yin na manyan wasanni. Na ce ashe wasan dukawa ne. Tiyo ya yi dariya, sannan ya ɗauki wata safa ya nuna mini fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, wadda Faransawa ke kira kwando. Ya ce, “Idi, na kowa ka bar masa tagogi in yana so. Na mai jifa ka rufe shi ruf. A bayansa yake kama ƙwallo, kada mai bugu ya ga komai.” Na ce na ji. Kuma wallahi na ji.

Kasuwarmu ta sanyi ce. Daga kaka zuwa bazara ba a wasa, kowa ya kawo safarsa gyara. A lokacin ne kuma ekip-ekip, wato ƙungiyoyin wasan, ke sake zubi: wane ya koma wani gari, wane an sauke shi zuwa ekip ta biyu, wane an kawo baƙo daga waje a madadinsa. Shagon nan sai ya zama majalisa. Ni ba na tambaya, daga safa nake ganewa. Wanda ya ce in cire masa igiya mai launin ekip ɗinsa in sa baƙa, na san ya kusa tafiya.

Mutari ɗan abokina ne, marigayi Malam Lawali, wanda muka taso unguwa ɗaya a Zinder. A nan aka haife shi, bai taɓa taka Nijar ba. Uban ya rasu, uwar, Hajiya Rabi, ta riƙe gida da aikin asibiti. A lokacin da nake ba ku labari yana da shekara ashirin da huɗu, yana gyaran asansar, wato lif na hawa benaye, Litinin zuwa Juma'a, Lahadi kuma shi ne babban mai jifan ekip ɗinsa. Kai, ku ba ku ga jifa ba! Mai lanƙwasarsa, Tiyo da kansa yake miƙewa tsaye in ya jefa ta. Ni da ban damu da wasa ba, sai ga ni ina rufe shago ina bin metro da bas zuwa fili, ina ihu cikin Turawa, “Ɗan Lawali ne! Namu ne!” Har magana ta fara yawo cewa in ya maimaita shekara irin wadda ya yi, manyan ekip za su neme shi.

A sanyin shekarar ya kawo mini safarsa, kwandon ya yage. Ya gaishe ni har ƙasa yadda uwarsa ta koya masa, ya zauna yana juya wani tsohon alabe da ke kan tebur, yana buɗewa yana rufewa, koren na leƙowa yana ɓacewa.

Ya ce, “Baba Idi, irin wannan babana yake da shi.”

Na ce, “Ni na yi masa shi.”

Sai ya ce, “Ba za ka sa mini wani abu na garinmu a safar ba? Ko ɗan kaɗan. Sauran duk tutar ƙasarsu suke sawa.”

Garinmu, in ji shi, garin da bai taɓa gani ba. Abin ya taɓa ni, ba zan ɓoye muku ba. Ina da sauran jar fatar akuya ta Zinder da nake ɓoyo, da koriya guntu ɗaya. Na yanka kwando gida biyu, kore a ciki, ja a waje, na zana dagi a kan jar, na tsattsaga shi da bakin wuƙa yadda mahaifina ya koya mini. Kwana biyar na yi a kai. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kafin nan ko bayan nan.

Da ya zo karɓa ya shafa shi, ya ɗan lanƙwasa shi da yatsa. Ya ce, “Baba, ba ta yi laushi da yawa ba? Ta da ta fi tauri.”

Nan halina ya motsa. Na ce, “Kai Mutari, tun ba a haife ka ba nake yankan fata. Ɗaga ta ka duba rana. Ka ga haske? Gida biyu ce, a rufe take ruf. Ko ni za ka koya wa dukanci?”

Ya ce, “A'a Baba, yi haƙuri. Mersi.” Ya sunkuyar da kai ya tafi. Da ɗan Bature ne da ya tsaya ya yi gardama da ni, da wataƙila na sake dubawa. Shi an koya masa ba a ja da babba. Alƙalin wasa ma ya duba safar ranar farko, tunda akwai launin da aka hana mai jifa, ya ga ja ce mai duhu, ya miƙa masa.

Wasan farko da na biyu lafiya lau. Daga na uku abu ya fara lalacewa. Mai lanƙwasar nan da ba a taɓa ta, sai ga mutane na tsayawa suna jiranta, su ɗauke ta har bayan shinge. In ya jefa mai sauri, ita ma kamar an gaya musu. Masu bugun da bara ba su isa su kalle shi ba, su ne ke zagaye fili suna tafa hannu. Kocinsa ya ce ƙafarsa ce, aka gyara ƙafa. Ya ce kafaɗa ce, aka gyara kafaɗa. Tiyo da zai iya ganewa yana kwance asibiti tun farkon bazara, bai ga wasa ko ɗaya ba, kuma bai tashi ba. Hajiya Rabi ta sa aka yi sauka, ni ma na ba da sadaka. Ni kuwa kullum a gefen fili nake zama, ta wajen bencin ekip ɗinsu, bayan Mutari nake gani da gefensa.

Shi sai ya yanke wa kansa hukunci cewa hannunsa ne ya mutu. Ya ce saurin ne ya ragu, don haka zai ƙara. In ya tashi daga aiki sai ya tafi bayan wani gareji da bokitin ƙwallaye, ya yi ta jifan bango har hannu ya ƙi ɗaguwa. Ya zo shagon nan da ƙanƙara ɗaure a gwiwar hannu, na ce ya huta, ya ce, “Baba, in na huta sun cire ni.” Safar na cinyarsa yana shafa dagin. Wani abokin wasansa ya ce masa ya sauya ta ko sa'a ta juyo, ya ce ko kusa, kyautar Baba Idi ce.

Sanyi ya zo, aka fara zubi. A farkon Janairu ekip ɗinsu ta kawo wani mai jifa daga waje, ta fitar da sunaye, babu Mutari. Kocin ya kira shi ya ce akwai wuri a ekip ta biyu in yana so. Bai so ba. Kamfaninsu na neman mai zuwa Lyon, ya ɗaga hannu. Ya zo ya yi mini sallama tsaye, bai ko zauna ba. Ya ce, “Na ba ka kunya, Baba.” Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Abin da na iya faɗa ke nan.

Wajen sati biyar bayan tafiyarsa, wani dogon Bafaranshe mai bugu a wata ekip ya kawo safarsa gyaran yatsu. Ina aiki yana kallon kayan bango, ya ga alabe, ya buɗe, ya rufe, sai ya fashe da dariya.

Ya ce, “A'a! Kai ne ka yi safar yaron nan mai fitila?”

Na ce, “Wace fitila?”

Ya ce, “Koren mana. In zai jefa mai lanƙwasa sai ya buɗe safa sosai ya tura yatsu ciki, fatar ta miƙe, zanen ya yi kore. In mai sauri ce, ja kawai. Wani namu ne ya gano, kafin wata ɗaya duk ekip-ekip sun sani. Kore, ka jira. Ja, ka buga.” Ya ga fuskata, dariyar ta tsaya. Ya ce, “Na ɗauka shi ya sa ya bari. Ba wanda ya gaya masa?”

Wa zai gaya masa? Abokan gaba ba za su faɗa ba. Mai tare masa ƙwallo a bayan mai bugu shi ke zaɓen jifar da kansa, ba ya neman alama. Shi kuwa Mutari, dagin na bayan safa, mai bugu yake fuskanta. Ni da na san fatar akuya tana miƙewa, kirgin saniya ba ya yi, ni da na tsaga ta don ta buɗe in an buɗe, ban taɓa zuwa na tsaya inda mai bugu ke tsayawa ba. Haske na duba, na ga bai ratsa ba, na ce na rufe. Basillar ta faɗi daga hannuna, na ce wa mutumin ya dawo jibi.

A ranar na yanka sabon kwando na kirgi mai kauri, ba zane ba komai, na huda shi daidai da hujin safarsa, don na san su a ka. Lokaci bai ƙure ba tukuna. Saura ƴan makonni a fara wasa, kuma akwai ekip a wajen Lyon da za su karɓi mai jifa irinsa hannu biyu. Ran Lahadi da safe na hau jirgin ƙasa da kwandon da igiya da basilla cikin jaka, duk hanya ina maimaita yadda zan fara magana.

A unguwar Minguettes yake, hawa na tara. Ya yi mamakin ganina, ya rasa inda zai sa ni, ya dafa shayi, muka gaisa, ya tambayi shago, na tambayi aiki. Bayan azahar na ce, “Ɗauko safarka da ƙwallo mu sauka.”

Ya ce, “Baba, na bar wannan.”

Na ce, “Ban tambaye ka ba. Ɗauko.”

Muka sauka filin ajiye motoci da ke tsakanin benaye. Na auna taku daga wata fitilar titi, na tsayar da shi, na koma na tsaya ina fuskantarsa. Na ce kada ya jefa, ya kama ƙwallon kawai cikin safa yadda yake yi a tudu, duk wadda ya ga dama, kada ya gaya mini.

Ya ɗaga safar zuwa ƙirji. Ja. Na ce, “Mai sauri.”

Ya sake. Sai ga dagin nan ya buɗe, kore shar, kyakkyawa, daidai yadda na so shi. Na ce, “Mai lanƙwasa.”

Ya kalle ni, ya sake, na faɗa. Ya sake da sauri, na faɗa. Ya juya baya ya shirya ya juyo, na faɗa. Sau goma sha biyu, ban kuskure ko ɗaya ba, ni da ban taɓa riƙe sandar bugu ba. Sai ya cire safar ya juyo da bayanta, ya tura hannu ya buɗe, ya ga abin da duk masu bugu suka yi shekara suna gani.

Na ce, “Hannunka bai taɓa mutuwa ba, Mutari. Ni ne. Ka ce ta yi laushi, na rufe maka baki. Ka yafe mini don Allah.”

Na zaci zai yi faɗa, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Ya daɗe yana buɗewa yana rufewa. Sannan ya yi wata ƴar dariya, ya ce, “Kai, Baba. Da na sani ko da wasa ɗaya ne. Da na buɗe musu koren nan, su zauna jiran mai lanƙwasa, in wuce da mai sauri. Wallahi da ba wanda zai taɓa ta ranar. Wasa ɗaya kawai.”

Na zaro kwandon daga jaka. Na ce, “Ga shi, awa ɗaya in sa maka. Gobe ka je ka nemi ekip, lokaci bai wuce ba.”

Ya ce, “Tsaya nan, Baba.” Ya sa safar, ya ɗaga ƙafa yadda ya saba, kyan tsayuwar nan duk yana nan, ya jefo. Ƙwallon ta faɗi tun ba ta yi rabin hanya ba, ta gangaro a hankali ta tsaya a bakin takalmina. Shi kuma ya dafe gwiwar hannu ya durƙusa. Ashe tun kaka jijiyar ta yage a bayan garejin nan. Likita ya gaya masa, bai gaya wa uwarsa ba, bai gaya mini ba.

Da ya miƙe na ce to ko don ajiya ya bari in sauya kwandon, kada ya riƙa ganin abin. Ya rungume safar a ƙirji. Ya ce, “A'a Baba, bar mini ita haka. Ita ke nan abin da nake da shi na Zinder.” Ya raka ni har tasha, shi ya riƙe mini jaka da hannun hagu.

Shi ya sa duk mai jifan da na yi wa aiki, ko igiya ɗaya na sauya, ba ya fita da safa sai ya tsallaka titi ya tsaya gaban gidan burodin can, ni ina bakin ƙofa, ya kama mini duk jifar da ya iya ɗaya bayan ɗaya. Masu wucewa na ɗauka mun taɓu. Wanda ya ce yana sauri, in miƙa masa safarsa ya kai wa mai bidiyo. Ado kuwa na daina shi a safa, ko uban wa ya roƙa. Kuma in ƙaraminku ya ce mini wani abu bai yi masa daidai ba, ina jin haushi har yanzu, halin bai tafi ba, amma sai na ajiye wuƙa na duba.

To ku ɗauki basillar, huji ɗaya na fita, huji ɗaya na shiga. Kai mai jifa, in kun gama ka dawo mu tsallaka titi. Guntun kirgin da ke kusa da ita kuwa kada wanda ya taɓa, ba na sayarwa ba ne, mai shi yana Lyon. Yana kira na duk Sallah. In na tambayi hannu sai ya ce, “Yana hutawa, Baba.” Shekara tara ke nan yana hutawa. Ina kewar Lahadin nan ƙwarai, ina kewar in miƙe cikin Turawa in ce namu ne. Duk sanyi nakan sauko da kwandon in shafa masa mai kaɗan don kada ya bushe, in ekip-ekip na Lyon suka fitar da sunaye kuma in sa a duba mini a salula.

Na bana sun fito shekaranjiya. Kai da ke riƙe da waya, duba mini, daga sama har ƙasa, a hankali. Mutari Lawali.